Ba da labari a kan sauyin yanayi: ina amfaninsa, ina iyakarsa?

Tambaya: Wata malama da ke aikin wayar da kan jama'a a kan muhalli ta rubuto tana cewa sun daɗe suna karanta wa mutane alƙaluman ɗumamar duniya a taruka da shirye-shiryen rediyo, a saurare su cikin ladabi, a watse, babu abin da ya canja. An ba ta shawarar ta koma ga ba da labari, don haka take son ta sani ko wannan hanya tana da tushe ko kuwa ado ne kawai ake yi wa magana, kuma idan tana da tushe, yaya ake bin ta ba tare da an kauce wa gaskiya ba.

Amsa: Malama, shawarar da aka ba ki tana da tushe mai ƙarfi, sai dai akwai sharaɗin da ba kasafai masu ba da ita suke faɗa ba. Labarin da zai yi aiki a kan sauyin yanayi dole ne ya zama gaskiya tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma dole ne ya bar mai sauraro da abin da zai iya yi. Labarin da ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan biyu yana iya sa a zubar da hawaye, yana iya jawo wa mai shi yabo, amma ba zai hana ruwa cin gida ko ɗaya ba.

Alƙaluman da kike karantawa ba su da laifi. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin samaniya ba ta wuce kimanin kashi 280 cikin miliyan ba. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ta kai wajen 315, yau kuwa ta haura 420. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa a 2024 zafin duniya ya zarce na kafin zamanin masana'antu da kusan digiri 1.55 a ma'aunin Salshiyas, alhali yarjejeniyar Faris ta 2015 ta sa burin a tsaya a 1.5. Ga wanda ya san ma'anar waɗannan lambobi, abin tashin hankali ne. Ga wanda bai sani ba, digiri ɗaya da rabi bai kai bambancin zafin safe da na hantsi ba, don haka idan ya yi shiru ya tafi harkarsa, bai yi wauta ba. Ya auna abin da kika faɗa da abin da jikinsa ya sani ne, ya ga bai taka kara ya karya ba.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan giɓi da ke tsakanin sani da motsi. Paul Slovic, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan yadda mutane ke fahimtar haɗari, ya nuna cewa tausayi ba ya ƙaruwa gwargwadon yawan waɗanda masifa ta shafa, sau da yawa ma raguwa yake yi. A wani gwaji da ya yi tare da Deborah Small da George Loewenstein, wanda aka wallafa a 2007, mutanen da aka ba labarin yarinya guda 'yar shekara bakwai da ke fama da yunwa a Mali sun fi ba da gudummawa a kan waɗanda aka karanta wa alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan tasiri bai kai girman da aka fara zato ba, kuma ba a kowane hali yake bayyana ba, saboda haka kada wani ya ce miki fuskar mutum ɗaya maganin komai ce. Abin da ya tsaya daram shi ne ƙwaƙwalwa ta fi riƙe al'amari idan ya zo mata da mutum, da wuri, da abin da ya faru, da abin da ya biyo baya, domin a wannan siffa ce kowa ke adana tarihin rayuwarsa.

Misalin da ya fi gamsar da ni bai shafi sauyin yanayi kai tsaye ba, amma shi ne ya fi fito da abin da labari ke iya yi. Simeulue tsibiri ne a yammacin Sumatra ta ƙasar Indunisiya. A 1907 girgizar ƙasa ta tayar da igiyar teku da ta hallaka mutane masu yawa a tsibirin, waɗanda suka tsira kuwa suka mayar da abin da idonsu ya gani labari da waƙa, iyaye da kakanni suna maimaita wa yara har ya zama abin da kowa ya tashi da shi. Saƙon gajere ne: idan ƙasa ta girgiza da ƙarfi, teku kuma ya ja da baya har ƙasansa ya bayyana, kada ka tsaya kallo, kada ka koma ɗaukar kaya, ka ruga kan tudu. Ranar 26 ga Disamba 2004, lokacin da girgizar da ta tayar da igiyar tsunami a tekun Indiya ta auku, Simeulue na daga cikin wuraren da suka fi kusa da cibiyarta, ruwan kuma ya isa gaɓarsa cikin mintoci ya rushe ƙauyuka. Mutanen da suka rasu a duk ƙasashen da abin ya shafa sun kai kimanin 230,000. A Simeulue, mai mutane kusan 78,000, mutum bakwai aka ruwaito sun rasu. Babu na'urar gargaɗi, babu sanarwar hukuma. Mutane sun ji girgiza, sun dubi teku, sun tuna abin da aka gaya musu suna yara, suka haye tudu da 'ya'yansu.

Ki duba abin da ke cikin wannan labari da kyau, domin kusan duk amsar tambayarki tana ciki. Akwai alamar da kowa zai iya gane ta da idonsa ba sai an fassara masa ba, akwai aiki guda bayyananne da ya dace da ƙarfin kowa, mai ba da labarin kuma mutum ne da mai sauraro ya yarda da shi tun kafin ya buɗe baki. An kuma maimaita shi shekara da shekaru, kusan ƙarni guda, ba a yi shi sau ɗaya a taro aka naɗe tabarma ba. Akwai tsoro a cikinsa, amma tsoron bai zo shi kaɗai ba, ya zo da hanyar tsira a gefensa. Fiye da komai, abin da labarin ya ƙunsa gaskiya ne, shi ya sa ranar da aka gwada shi bai ba da kunya ba.

Wahalar da ke gabanki ita ce sauyin yanayi ba ya zuwa da rana guda irin ta 1907. A hankali yake tafiya, sanadinsa yana nesa da inda ɓarnarsa ke sauka, hayaƙin da aka fitar a wata nahiya shekaru hamsin da suka wuce shi ne ke ƙara ƙarfin farin da wata nahiya ke gani yau, kuma babu mugun mutum guda da za a nuna da yatsa. Masu yaɗa labarai sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da hoton beyar, farar dabbar nan ta yankin ƙanƙara, tana tsaye a kan guntun ƙanƙarar da ke narkewa. Hoton ya yi tashe, amma abin da ya koya wa biliyoyin mutane shi ne matsalar ta wata dabba ce a wani wuri mai nisa da ba za su taɓa zuwa ba. Daga nan aka koma ga tsoratarwa, wato birane a ƙarƙashin ruwa da duniya tana ci da wuta. Masaniyar harkar sadarwa Kim Witte ta bayyana tun 1992 cewa saƙon tsoro yana aiki ne kawai idan mutum ya yarda akwai abin da zai iya yi kuma abin zai yi amfani. Idan bai yarda ba, maimakon ya yaƙi haɗarin sai ya yaƙi tsoron, ya toshe kunne ko ya ƙaryata mai maganar. Saffron O'Neill da Sophie Nicholson-Cole sun gwada wannan a kan hotunan sauyin yanayi a Birtaniya, a binciken da suka wallafa a 2009, suka tarar hotunan da suka fi sa mutane jin cewa matsalar babba ce su ne kuma suka fi sa su jin cewa ba su da abin yi. Ina kyautata zaton shirun da kike gani a tarukanki wani ɓangarensa wannan ne, domin mutum ba ya son ya daɗe a gaban abin da aka nuna masa ya fi ƙarfinsa.

Don haka labarin da nake ba ki shawarar ki nema shi ne na mutumin da ya fuskanci matsala, ya yanke shawara, ya yi wani abu, aka ga sakamako, ko da sakamakon bai cika ba. Irin wannan labari yana nan da yawa, ba sai an ƙirƙira ba. A farkon shekarun 1980, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a yankin Maradi na Nijar, mafi yawan abin da ake dasawa kuma mutuwa yake yi. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawar banza ce. Da ya matsa kusa ya dubi ganyen, sai ya gane toho ne daga kututturen bishiyar da aka sare, saiwarta kuma tana raye a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture suna ko'ina a gonaki, kowace shekara suna toho, kowace shekara ana sassabe su kafin shuka. Abin da ake buƙata shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan mafiya ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare waɗanda ya bari daga dabbobi da wuta. Da farko an yi wa masu yin haka dariya, domin gona mai tsabta ita ce gonar da babu komai a cikinta sai amfanin gona. Abin da ya juya al'amarin shi ne manomi ya ga gonar maƙwabcinsa, ya ga iska ba ta binne masa shuka da yashi, ya ga yana da itacen girki da abincin dabbobi, ya tambaye shi yadda ya yi, shi ma ya gaya wa wani. Gani ya kori ji. Shekaru bayan haka, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a tsallake ba: mutane sun ƙara himma ne sa'ad da suka samu tabbacin cewa bishiyar da suka raina a gonarsu tasu ce, ba za a hukunta su don sun amfana da ita ba. Wanda ya ba da wannan labari ya bar batun mallaka, ya ba da rabinsa ne.

Haka labarin Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya inganta tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a busasshiyar ƙasa ana zuba taki a ciki don su riƙe ruwan sama, har ya mayar da fako daji, ya kuma riƙa tara manoma yana koya musu. Shi da Rinaudo duka sun samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Haka kuma Bangaladash, inda guguwar Bhola ta 1970 ta kashe mutane aƙalla 300,000, ta 1991 ta kashe kusan 138,000, amma bayan gina mafaka da horar da dubun-dubatar 'yan sa-kai da ke bi gida-gida da lasifika, guguwar Amphan ta 2020 ta zo ta tarar an kwashe mutane sama da miliyan biyu, waɗanda suka rasu a ƙasar kuma ba su kai ɗari ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan labarai da ya ce matsalar ta ƙare. Abin da suke nunawa shi ne aikin mutane yana canja adadin waɗanda za su mutu, wannan kuwa shi ne ainihin abin da mai sauraron da ya karaya yake buƙatar ya ji.

Yanzu ga ɓangaren tambayarki da ya fi muhimmanci a wurina, wato gaskiya. Labari mai daɗi yana da wata jaraba: yana son sanadi guda, yana son layi miƙaƙƙe, duniya kuwa ba haka take ba. A 2017 mujallar National Geographic ta yaɗa bidiyon wani beyar da yunwa ta rame, tare da rubutun da ke cewa wannan shi ne kamannin sauyin yanayi. Miliyoyin mutane sun kalla. A 2018 mujallar ta amince cewa ta wuce gona da iri, domin babu hanyar sanin abin da ya jefa wannan dabba guda cikin wannan hali. Masu musun sauyin yanayi sun daɗe suna cin gajiyar wannan kuskure, alhali narkewar ƙanƙarar yankin gaskiya ce da aka auna.

Tafkin Chadi wani misali ne da na ga masu kyakkyawar niyya suna tuntuɓe a kansa. Gaskiya ne cewa a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma labarin da ake yawan bayarwa, cewa tafkin yana ci gaba da ƙafewa har zai ɓace, bai dace da abin da tauraron ɗan'adam ya auna a shekarun baya-bayan nan ba, domin ruwan ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, kuma tafki ne marar zurfi wanda ke faɗaɗa ya tsuke gwargwadon damina. Abin da ke wahalar da masunta da manoma da makiyayan yankin shi ne rashin tabbas, ba wanda ya san inda bakin ruwa zai tsaya baɗi, ga kuma ruwan sama mai zuwa da ƙarfi lokaci guda. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution, masu auna rawar da sauyin yanayi ya taka a masifun yanayi, sun kiyasta cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin ruwan da ya jawo ambaliyar 2022 a yankin kusan sau 80. Idan kika ba mutumin da ruwa ya ci gidansa labarin tafkin da ke bushewa, ya san ba ki san wurin ba, kuma ba zai ƙara yarda da sauran maganarki ba. Labarin rashin tabbas ya fi wuyar bayarwa, amma shi ne na gaskiya, shi ne kuma zai kai ga maganin da ya dace.

Akwai kuma haɗarin ɗora wa sauyin yanayi abin da sakacin mutane ya jawo. A watan Satumba 2023 guguwar Daniel ta zubar da ruwa mai yawan gaske a gabashin Libiya, madatsun ruwa biyu da ke saman birnin Derna suka ɓalle cikin dare, aka tabbatar da mutuwar mutane sama da 4,000, wasu dubbai kuma suka ɓace. Bincike ya nuna cewa ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin wannan ruwa matuƙa. Amma madatsun an gina su ne a shekarun 1970, an san suna da tsaga, an daɗe ba a gyara su ba, kuma an yi gargaɗi a rubuce kafin abin ya faru. Wanda ya ce sauyin yanayi ne ya hallaka mutanen Derna, ya tsaya nan, ya wanke masu alhakin gyara ba tare da ya sani ba. Wanda kuma ya ce sakaci ne kawai, ya ɓoye dalilin da ya sa irin wannan ruwa zai sake zuwa. Jimlar da ta dace ta fi tsawo kaɗan: ruwan ya fi ƙarfi saboda duniya ta ɗumama, ya zama kisa saboda ba a shirya masa ba. Ki saba wa bakinki da irin wannan jimla mai ɗauke da sanadi biyu, domin masu sauraro suna iya ɗaukarta, kuma yawancinsu sun riga sun san haka abin yake.

Kada ki manta cewa ba ke kaɗai ke ba da labari a wannan fage ba. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin mai na BP ya kashe kuɗi mai yawa wajen tallata tunanin cewa kowane mutum ya auna hayaƙin da rayuwarsa ke fitarwa. Tunanin ba ƙarya ba ne, amma labarin da ke ƙarƙashinsa yana karkatar da ido daga masu haƙo mai da kwal zuwa ga mai kunna fitila a ɗakinsa. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa, saboda haka labarin da zai sa talakan da bai taɓa shiga jirgin sama ba ya ji shi ne mai laifi, labari ne na zalunci komai kyawun niyyar mai ba da shi.

Wannan ya kawo mu ga batun wanda ya kamata ya yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma labarin da ya fito daga bakin mai shi yana da nauyin da na mai ruwaya ba shi da shi. A 2021, lokacin taron sauyin yanayi na Glasgow, Simon Kofe, ministan harkokin wajen Tuvalu na lokacin, wata ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ya gabatar da jawabinsa sanye da kwat yana tsaye a cikin teku ruwa ya kai masa gwiwa, ƙasarsa kuwa babu inda ya kai mita biyar a saman teku. Wanda ya fi wannan nisan tasiri shi ne abin da ɗaliban shari'a na Jami'ar Kudancin Fasifik suka fara a 2019, sa'ad da suka nemi a kai batun gaban Kotun Duniya. Ƙasar Vanuatu, ita ma ta tsibiran Fasifik, ta ɗauki maganar, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a watan Maris 2023, aka saurari bahasi a birnin Hague, mazaunin kotun, a Disamba 2024, inda mutanen tsibirai suka ba da shaida a kan ƙauyukan da suka tashi da kaburburan da teku ya cinye, a ranar 23 ga Yuli 2025 kuma kotun ta ba da ra'ayinta cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe a ƙarƙashin dokokin duniya. Shaidar mutane ba ta maye gurbin hujjar kimiyya da ta shari'a a wannan tafiya ba, tare suka tafi, kowacce tana ɗaukar abin da ɗayar ba za ta iya ɗauka ba.

Idan za ki ɗauki labarin wani, akwai haƙƙinsa a kanki. Ki gaya masa inda za a ji maganarsa da wanda zai ji ta, ki bar masa damar ya ce a'a ko ya janye daga baya, kada kuma ki matsa wa wanda ya rasa ɗansa ya sake buɗe ciwonsa don shirinki ya yi armashi. Ki tambaye shi abin da ya yi, ba abin da ya same shi kaɗai ba: yaushe ya fara lura cewa abu ya canja, me ya fara gwadawa, me ya ƙi yi, wa ya taimaka masa, me zai gaya wa wanda abin bai kai kansa ba tukuna. Tambayar farko tana fito da alama, ta ƙarshe tana fito da aiki, tsakaninsu kuma mutum yana fitowa da mutuncinsa, ba a matsayin abin tausayi ba. Lamba guda ko biyu sun isa, ki ajiye su a daidai inda mai sauraro zai tambayi kansa ko wannan mutum shi kaɗai ne abin ya shafa, domin a nan ne alƙaluma ke yin aikin da labari ba ya iya yi.

Ƙagaggen labari ma yana da gurbinsa, muddin kowa ya san ƙagagge ne kuma bayanan da ke cikinsa sahihai ne. Melanie Green da Timothy Brock sun nuna a 2000 cewa gwargwadon yadda mutum ya nutsa cikin labari, gwargwadon yadda yake sassauta gardama ya karɓi abin da ke ciki, wanda hakan dama ce kuma amana ce. Miguel Sabido na Meziko ya tsara hanyar rubuta wasan kwaikwayo mai dogon zango da ke da taurari iri uku, na kirki, da na banza, da mai kai-kawo a tsakani wanda a hankali yake canjawa, kuma wannan na ukun shi ne mai sauraro ke ganin kansa a cikinsa. An gwada hanyar a rediyon Tanzaniya daga 1993 a kan tazarar haihuwa da kariya daga cutar ƙanjamau, aka bar yankin Dodoma ba a watsa shirin ba na shekara biyu don a samu abin kwatantawa, binciken kuma ya nuna bambanci a ɗabi'ar masu sauraro. Darasin da za ki ɗauka shi ne jarumin da bai taɓa shakka ba ba ya jan kowa. Wanda ke ja shi ne mai tsoron asara, mai jin kunyar dariyar maƙwabta, wanda ya gwada a ɗan ɓangaren gonarsa kafin ya yarda.

Duk da haka, kada ki ɗora wa labari abin da ya fi ƙarfinsa. Tasirin sauraro sau ɗaya yana dusashewa cikin makonni, kuma labari ba ya gina magudanar ruwa, ba ya gyara madatsa, ba ya rage hayaƙin masana'anta. Abin da ya ceci rayuka a Bangaladash shi ne saƙon ya tarar da mafakar da za a gudu zuwa cikinta. Saboda haka kafin ki watsa kowane labari, ki tabbatar abin da yake kira a yi mai yiwuwa ne ga masu sauraronki, bayan wata uku ko shida kuma ki koma wurinsu ki tambaya, ba ko shirin ya yi daɗi ba, a'a, me suka tuna, wa suka ba labarin, me suka gwada. Idan kika tarar sun tuna, sun yarda, amma ba su yi komai ba, ki bincika abin da ya tare su, wataƙila rashin jari ne, ko rashin ikon mallakar fili, ko wata doka, ko rashin wurin da za a koma idan ruwa ya taso. Wannan abin da ya tare su shi ne labarinki na gaba, masu sauraronsa kuma su ne waɗanda ke riƙe da kasafin kuɗi da ikon sa hannu, don haka sai ki tsara shi da sunan wuri, da kwanan wata, da adadin gidajen da abin ya shafa, ki kai shi inda za su ji.